Sunan Surukina a Gaban Kumandan

Na san abin da ake gaya muku a gidajen biki in an so a ƙona muku rai, wai ubanku ya tsaya gaban Nasara ya ce bai san uban da ya haife shi ba. Kun sha dawowa gida kuna huci kuna cewa ƙarya ce, ni kuwa in sunkuyar da kai in ci gaba da tankaɗe. To, ba ƙarya ba ce. Ya faɗa, sau biyu ma, na biyun a kan kunnena. Sai dai masu gorin jelar maganar suka riƙe suka bar kanta, kuma a cikinta akwai nawa rabon laifin, wanda ba a taɓa yi mini gori da shi ba. Tun da ƙafa ta ƙi, ido ma ya fara ja da baya, bari in shimfiɗa muku ita yadda take.

Kada ku tambaye ni shekara, ban riƙe ba. Na dai san shekarar da na haifi Abba ce, bayan an gama cirar gyaɗa. Muna zaune a ƙauyenmu na kudu da Dogo-Dogo, inda in ka hau jaki da hantsi, kafin azahar ka sha ruwa a ƙasar Ingilishi. Iyakar nan ba katanga ba ce, ba kuma rami ba. Wata kuka ce muka sani, da ake cewa in ka wuce ta ka fita hannun Faransa. Dangi rabi nan rabi can, aure ma ana yi, ana zuwa ta'aziyya. Abin da ya ɓata zaman shi ne ɗiban mutane aikin dole. Duk rani sai a zo a ce gari kaza ya kawo maza kaza, a kora su aikin hanya, wasu su dawo, wasu a aiko da rigarsu. Shi ya sa duk gidan da ke da samari, da an ji ƙishin-ƙishin ɗiba, sai ka tarar da shi ba kowa sai kaji. Kakanku ma haka ya yi, damina uku kafin wannan shekara. Ya kora shanunsa, ya sa ƙannen babanku biyu a gaba, ya ƙetare. Babanku bai bi su ba, don yana da jar riga, dogarin sarki ne, dogari kuwa ba a ɗibarsa. Tsohon da kansa ya ce masa ya zauna ya riƙe gona da kabarin uwarsa.

Sunan tsohon kun san shi, amma ba daga bakina ba. Ranar kasuwarmu aka haife shi, aka yi masa laƙabi da ranar, laƙabin ya bi shi har ya danne sunan yanka. Abin da ya sa ke nan kuka tashi kuna yi mini dariya in na ce "bayan Litinin". A bakina mako yana da Litinin, da bayan Litinin, sannan Laraba. Yanzu ina jin matar ɗa tana kiran surukinta da suna kamar mai kiran akuya. Mu a zamaninmu, in ka ji mace ta kauce wa suna, ba sai an gaya maka ba, ka san mijinta ne, ko ɗanta na fari, ko surukinta.

Aikin dogari da can ba shi da yawa, kiran mutum fada ne, da raba faɗa a kasuwa, da tafiya gaban dokin sarki. Sai Nasara ya ɗora musu tsaron hanyar iyaka. Gardawan bariki, wato 'yan sandan Nasara masu bindiga, ba su da yawa, kuma baƙi ne daga yamma, ba su san fuskar kowa ba. Dogari kuwa ya san kowa har kakansa. Sai aka haɗa su, gardi yana riƙe da bindiga, dogari yana nuna wanda ya gudu ya dawo. Ba zan ɓoye muku ba, wasu dogarai sun mai da abin makami. Wanda ya ja da kai a kan iyakar gona, ka nuna shi. Fatake 'yan Ingilishi da ba su taɓa zama ƙasarmu ba aka dinga ɗaurewa ana cinye kayansu, har Turawan can suka kai kuka wajen na nan. Daga nan aka tara dogarai a Magarya, mazaunin Nasaran yankinmu, aka karanta musu sabuwar doka.

Ni a bayan zana na ji ta, ina gyaran wake, babanku na zaure shi da Dogari Tanko suna maimaita ta kamar masu tilawa. Tanko maƙwabcinmu ne, zana ɗaya ta raba mu, ya girmi babanku da kaɗan, kuma mutum ne mai barkwanci. Kunnen Zomo yake ce mini, don ya ce ko tururuwa ta yi gulma a gidansa sai na ji. Matarsa Kande kuwa ta wani ɗan gurbi a zanar muke miƙa wa juna wuta da daddawa.

"Duk wanda ka kama," in ji babanku, "za a rubuta sunanka kusa da nasa, takarda guda. Kuma sai an kawo shaida, wanda ba dogari ba, ya faɗi sunan mutumin da bakinsa. In ta tabbata baƙo ka kama, kai za ka tafi aikin a madadinsa."

"In kuma ka ga mai gudu ka kau da kai fa?"

"In aka gane, nan ma kai ne."

"Gaba kura, baya siyaki ke nan," in ji Tanko. "Kunnen Zomo, kin dai ji. In aka tafi da mijinki, ni zan gaje ki, ki fara koyon miyar da nake so."

Na ce masa daga bayan zana ya fara ciyar da wadda yake da ita tukuna. Muka yi dariya. Kuma gaskiya dokar ta yi amfani, kamun zalunci ya ragu ƙwarai, talakawa har addu'a suka yi wa wanda ya kawo ta. Ni ma na yi.

Da na haihu, ban tafi gida ba, don uwata ta riga ta rasu. Goggo Dije, ƙanwar ubana, ita ta zo daga Guci ta yi mini wankan jego. Aka aika wa tsohon can ƙetare cewa ya sami jika namiji. Bayan kwana biyu aka ji ƙaramin kumandan ya fito rangadi, zai sauka garinmu ranar kasuwa, sai babanku ya sake aika wani ya ce kada tsohon ya motsa. Ɗan aike na biyu bai same shi ba. Ya riga ya taso da rago, da nufin ya shiga cikin cinkoson 'yan kasuwa ba wanda zai lura, ya ɓuya a gidanmu har a yi suna.

Ranar ina kwana biyar da haihuwa, ina zaune kan gadon wuta ina shan kunun kanwa, hantsi ya ɗaga. Ku sani kasuwa tana da murya, in kana gida kana jin ta kamar kudan zuma. Sai na ji ta ɗauke gaba ɗaya, kamar an kifa wa tukunya murfi. Na ce wa Goggo wani abu ya faru. Ta ce in sha kununa, kunnena ya yi yawa. Ba a jima ba Kande ta shigo, ba ta gurbin zana ba, ta ƙofa, kuma ba sallama.

"Hansai, an kama tsohonku," ta ce. Ta tsaya tana murza bakin zanenta. "Mai gidana ne ya kama shi."

Daga baya na ji yadda aka yi. Wani tsohon wanzami ne, kurma, mai magana kamar yana kiran wanda ke bayan gari, ya hango kakanku ya ɗaga murya yana yi masa barka da dawowa, yana tambayar shanu da samarin da ya tafi da su. A lokacin Tanko yana tsaye kusa, gardi a kafaɗarsa. Gardin ya juyo ya tambayi Tanko wane ne wannan, daga ina ya dawo. Kasuwa guda ta ji wanzamin. In Tanko ya ce bai sani ba, wani ya tona, shi zai tafi. Sai ya faɗi gaskiya, ya faɗi sunan, ya ce uban dogari wane ne. Aka kai su gaban kumandan, aka rubuta sunan Tanko a takarda. Aka kira babanku, ya dubi ubansa ya ce bai san shi ba. Da aka nemi shaida, kasuwa ta watse, wanzamin ma aka neme shi aka rasa, wani mai hankali ya ja shi. Mai gari ya ce idonsa ya yi yana, ba ya shaida fuska. Sai gardin ya ce in dai uban dogari ne, ai matar dogari za ta san shi.

Shi ya zo da kansa, ya tsaya tsakar gida da takalmansa, yana Hausarsa mai kama da tsakuwa a shinkafa.

"Mace na dogari, fito. Kumandan kira."

Goggo ta tare ƙofar ɗaki ta ce mai jego ce, kwana biyar, ko rijiya ba ta zuwa. Ya gyara bindigarsa a kafaɗa. Goggo ta juyo ta ɗaure mini ciki da zane, ta lulluɓe ni, ta ɗauki jaririn. Tunda aka kawo ni garin amarya ban taɓa taka kasuwar nan ba, sai ran nan, ina tafe jikina na tururin wanka. A hanya Goggo tana yi mini magana ƙasa-ƙasa ba tare da ta motsa leɓe ba.

"Ki ce ba ki san shi ba. Shi ke nan, ki ce ba ki taɓa ganinsa ba."

"A gabansa, Goggo?"

"A gabansa. Shi ma abin da yake so ke nan. In kika faɗa, tsoho ya tafi kaso, mijinki ya tafi aiki don ya yi ƙarya, ke kuma ki zauna da jinjiri kina cin iska."

"In aka ɗora mini Alƙur'ani fa?"

"Bar mini wannan."

A gindin tsamiyar bakin kasuwa aka kafa tebur. Nasaran yaro ne ma, fuskarsa ja kamar gauta ya nuna, yana korar ƙuda da wata takarda. A gefensa tafinta na tsaye, mutumin Damagaram, mai farar hula, dattijo-dattijo. Babanku na hannun dama da jar rigarsa, Tanko na hagu da tasa. A tsakiya surukina na tsugune da igiya a ƙugu, ragon na ɗaure a jikin saiwa yana ta cin ɓawon gyaɗa abinsa. Ban dubi fuskar tsohon ba, ban taɓa duba ba tun da aka yi aurena. Ƙafafunsa na gani, da takalman fata da ya sha yi wa faci, na kuwa san su kamar tafin hannuna, don ni nake kawar da su daga rana in ya shiga ɗaki.

Wani malami ya matso da Alƙur'ani a cikin gafaka. Goggo ta ɗaga murya ta ce mai biƙi ce, ba ta da tsarki, ba ta taɓa Littafi. Malamin ya ja da baya da sauri, kamar dama abin da yake jira ke nan. Tafinta ya gaya wa Nasara, Nasaran ya yamutsa fuska ya ce a ci gaba. Aka sake tambayar tsohon a gabana.

"Sunana Baƙo," ya ce. "Daga ƙasar Ingilishi nake. Rago na kawo sayarwa."

Aka juya ga babanku.

"Ban san shi ba, mon kumandan."

Na san muryar babanku in yana fushi, na san ta in yana jin yunwa, na san ta in ya yi mini laifi yana neman shiri. Wannan ban san ta ba. Kamar daga cikin tulu ta fito.

Sai Nasaran ya dube ni ya yi magana. Ni ba na jin Faransanci, ban taɓa shiga lakwal, makarantar Nasara, ba, amma babanku yakan kwaikwayi Turawa a gida don in yi dariya, na kuwa tsinci kalma biyu uku. Ɗaya daga ciki ita ce "kone", wato sani. Na ji ta sarai a bakin Nasaran. Tambayarsa ita ce ko na san mutumin, tambayar da Goggo ta shirya ni dominta, wadda har lokacin ban san ko harshena zai ɗauki amsarta ba. Tafintan ya gyara hularsa.

"Yarinya," ya ce, "ga mutum a gabanki. Faɗi sunansa."

Ba abin da aka tambaya ke nan ba. Na ɗaga ido na dube shi, shi kuwa yana kallon ganyen tsamiya. Bahaushe ne, yana da surukai, matarsa ma ba ta kiran sunan ubansa. Ya san abin da zan ce tun kafin in ce, ya kuma san yadda zai sauka a kunnen Nasara. Ƙofa ya buɗe mini, in wuce ba tare da na yi ƙarya ba.

A nan ne nawa laifin yake, ku saurara da kyau. Amsar da na bayar, ban faɗe ta don ruɗewa ba. Na sami lokacin tunani, ko da bai fi shan ruwa ba. Takardar tana kan tebur, iska na ɗaga gefenta, na kuwa san sunan wa ke kwance a kanta kusa da na tsohon. Da kunnena na ji dokar a bayan zana. Na san in tsohon ya zama baƙo, akwai wanda zai tafi a madadinsa, kuma yana tsaye taku huɗu daga gare ni, mutumin da ko jiya ya aiko mini da itacen wanka. Na dubi ƙafafun Tanko, yatsunsa na tono ƙasa.

"Ba zan iya ba," na ce.

Tafinta ya juya ya faɗa, gajeriyar magana. Nasara ya buga tebur, ya yi wata doguwa, na sake jin "kone" a ciki har sau biyu. Gardin ya matso har ina jin warin man bindigarsa. Nono ya zubo mini don tsoro, ya jiƙa zanen.

"Ya ce ki yi tunani," in ji tafinta. "Ko da za a kai ki kaso, ke da ɗanki, ba za ki iya kiran sunan nan ba?"

"Ko yanka ni za a yi, ranka ya daɗe. Sunan mutumin nan bai taɓa fita bakina ba."

Duk Bahaushen da ke wurin ya gane abin da na faɗa. Na tabbatar musu surukina ne, a fili, da tsakar rana. Mutum biyu ne kawai ba su ji ba, Nasara da gardinsa. Malamin ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Mai gari ya kama tari.

Saura Tanko. Magana ɗaya ta ishe shi. Ya ce surukinta ne shi ya sa, ko ya ce a tambaye ta sunan mijinta a gani in za ta faɗa, ko ma a tambaye ta yau wace rana ce. Ya san zancen bayan Litinin, ya sha tsokanata da shi. Nasaran ya nuna shi da alƙalami, tafinta ya ce, "Dogari, shaida ba ta kira suna ba. Kana da abin faɗa?"

Kowa ya zuba masa ido. Ina jin ragon yana tauna. Tanko ya buɗe baki, na ji ya ja numfashi irin na mai shirin doguwar magana, na rufe ido. Sai ya sake shi a hankali.

"Kama ce ta ruɗe ni, mon kumandan," ya ce. "Tsofaffi duk kamarsu ɗaya."

Nan take aka tuɓe masa jar rigar, aka kwance igiyar daga ƙugun tsohon aka ɗaura a nasa. Nasaran ya yi jawabi, tafinta ya juya mana, wai kowa ya gani, doka ba ta bar dogari ba, zamanin kama baƙi ya wuce. Yana faɗa yana jin daɗin kansa, don a ganinsa adalci ya yi. Sannan ya ce a raka baƙon har iyaka, kada a sake ganinsa a ƙasar Faransa. Wanda aka sa rakiyar kuwa babanku ne, shi da gardin. Tun daga kasuwa har kukar nan ya bi bayan ubansa, ba halin ya ce masa ko sannu. Ya gaya mini da suka isa, tsohon ya juyo ya ce, "Dogari, na ji an yi maka haihuwa. Ragon nan ya gaji, ba zai kai gida ba, riƙe shi sadaka." Gardin ya ce doka ta hana dogari karɓar kyauta, ya karɓe igiyar, a bariki aka ci shi. Ganin ƙarshe ke nan tsakanin babanku da ubansa. Dogari ba ya ƙetare iyaka, tsohon kuma an rubuta shi baƙo. Can ya rasu, aka aiko mana bayan an yi bakwai.

Aka yi suna ba armashi, da ɗan akuya. Aka sa wa yaron sunan yankan kakansa a kunne, a fili kuma muka ce Abba. Aka tafi da Tanko aikin hanya wajen arewa. Kande ta toshe gurbin zana da ƙaya. Na aika mata tuwo sau uku, sau uku ana dawo mini da shi ko murfin ba a ɗaga ba. Duk ranin nan ban san kwanciyar rai ba. In na ji kofaton doki sai in ce wani ya je Magarya ya fassara wa Nasara maganata. In na ji baƙuwar murya a zaure sai in ɗauki Abba in tsaya bayan rumbu. Babanku ya bar kwaikwayon Turawa, ya bar hira, in ya dawo ya rataye rigar nan ya zauna yana kallonta.

Abin da ya fi ci mini rai kuwa, gari duka sai da ya riƙe ƙaryar, don in ta fashe har mai gari da malami ba su tsira ba. Duk baƙon da ya tambaya, sai a ce ai Tanko ne ya kama wani bafatake don kwaɗayin ragonsa. Tun ana faɗa don tsoro, har aka koma faɗa don an saba. Yara suka yi waƙa da shi, suna bin 'ya'yan Kande da ita a hanyar rijiya. Waɗanda aka haifa bayan nan ba su san wata magana ba sai wannan, ku ma da ita kuka tashi. Gorin babanku sai bayan tafiyar Nasara ya ɓullo, shi ma bai wanke Tanko ba. Ni da na san komai ina jin waƙar ta kan zana, ban taɓa fita na tsawatar ba, don ina tsoron a ce me ya dame ni.

Sai da aka yi ruwan shuka aka sako shi. Ya dawo rabin mutum, da tari mai fito da jini, ba a kuma mai da masa rigarsa ba. Kullum da hantsi Kande takan shimfiɗa masa tabarma a jikin zanarmu, inda rana ke fara sauka, ina jin numfashinsa daga madafi. Na yi kwana goma ina kai gwauro ina kai mari, ran na sha ɗaya na ji Kande ta tafi rijiya, na matsa jikin zana na tsuguna.

"Sannu da jiki, Dogari."

"A'a, Kunnen Zomo ce? Ai dogarin ya tafi, saura Tanko. Tun yaushe nake jin sawunki, ki zo ki koma, kamar kaza mai neman wurin ƙwai."

Na kasa dariya. Na ce masa ya yafe mini, na san abin da nake yi ran nan.

"Na san kin sani. Na ga kina kallon ƙafata."

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

Ya yi tari mai tsawo kafin ya amsa.

"Na so faɗa. Har ta zo nan, bakin haƙori. Sai na duba, in na yi magana tsoho ya tafi, mijinki ya tafi, tafinta ma sai an tuɓe shi, ke kuma ga ki jiƙe da nono kina rawar ɗari da tsakar rana. In na yi shiru, mutum ɗaya ne. Kada ki ɗauka kirki ne, tun daga nan har Damagaram ina zagin kaina."

Na ce zan riƙa aiko masa da kunu, ko me yake so in dafa. Ya ce in riƙe kununa, Kande ba za ta karɓa ba, kuma tana da gaskiya.

"Abu ɗaya nake so," ya ce. "Ban damu da rigar ba. Waƙar nan ce ke hana ni sakat, 'ya'yana za su girma da ita. Yanzu ba halin faɗa, na sani. Amma in Nasara ya tafi, ko yaron nan naki ya yi hankali, ki gaya masa ni ban kama baƙo ba, ban kuma yi kwaɗayin ragon kowa ba. Kakansa na kama, don ina tsoro, kuma gaskiya na faɗa da farko. Ƙaryata ɗaya ce, ta biyun. Za ki iya wannan, ko shi ma ba ya fita bakinki?"

Na ce zan iya. Bai ga kakar shekarar ba.

Nasara ya tafi, ban faɗa ba, don babanku na da rai kuma ba ya son a taɓa zancen. Babanku ya rasu, ban faɗa ba, don na ga kuna alfahari da shi, na ji tsoron idonku. Kande ta rasu ba mu shirya ba. Yanzu yaron da aka ce in gaya wa in ya yi hankali, ga furfura har a gemunsa. Abba, jikokin Tanko suna nan a Dungas, ka san gidan, kana wuce shi in za ka kasuwa. Ka ɗauki takardar nan da nake faɗa ana rubutawa ka je da ƙafarka, ka zauna a zaurensu ka karanta musu tun daga farko, kada ka tsallake wurin da na dubi ƙafafunsa.